Dal-su Mai Wayarin da Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Ni da Bu Dal-su shekararmu ɗaya, benci ɗaya muka zauna a makarantar ƙauyenmu Wimi da ke tsibirin Jeju, amma na riga shi zuwa duniya da 'yan watanni, kuma har yau bai yafe mini ba. Ina ce masa ƙanena, yana ce mini ƙanensa, a haka muka yi furfura. Da ya auri Ko Sun-dok na shiga kiranta matar ƙanena, ita kuma ta riƙa amsawa da ƙarfi, musamman in yana kusa, don kawai ta ga kunnuwansa sun yi ja.

Dal-su mai wayarin ne. Kada ka kuskura ka ce masa bakanike, zai ajiye abin da ke hannunsa ya yi maka bayani har shayinka ya huce. A wurinsa inji aikin damtse ne, kowa na iyawa, waya ce ke son kai. Garejinsa na bakin titin da ya bi gaɓar teku, gidansu na bayansa, tsakar gida ɗaya. A saman ƙofar akwai allon da ya rubuta da hannunsa tun yana saurayi, BU, GYARAN WUTAR MOTA. Iskar gishiri ta cinye rabin fentin, ya hana a sabunta. Ni manomin lemo ne, kuma in ba lokacin tsinka ba matata ta fi son ganina a waje, don haka akwai wata kujerar roba a bakin garejin da kowa ya san tawa ce. Daga kanta na ga yadda wannan allo ya kusa saukowa kakar bara.

Mutum ne dogo, ƙafafun kamar na aro. Duk motar da ya shiga, abu na farko sai ya tura kujera baya har ta ce ƙas. Abu biyu ya tsana a duniya: wayar da aka murɗe aka naɗa mata tef ba a haɗa da darma ba, sai kifi. Ba na miya ba, wannan kwano biyu yake sha. Kifin mota nake nufi.

A nan duk wanda ya sayi mota, sabuwa ko ta hannu, sai ya yi mata abin da kakanninmu suka yi wa jiragen ruwansu. A ajiye wainar shinkafa a gabanta, a zuba wa kowace taya giyar shinkafa, a taka ƙwai, mai motar ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Sannan a ɗauko busasshen kifi mai hangamammen baki da idon da ba ya rufewa, a naɗe shi da dogon farin zare, a cusa a wani lungu na motar ya yi gadi. Masu zuwa coci ma suna yi, sai dai su jira fasto ya tafi tukuna.

"Kifin da ya kasa tsare kansa daga ƙugiya," in ji Dal-su, "shi zai tsare ka daga tirela?"

In ya ci karo da shi a motar kwastoma, ba ya taɓawa da hannu. Da filaya yake ɗagowa, ya ajiye a kan bonet inda kowa zai gani, sannan ya nuna tsohuwar shuɗiyar motarsa da ke gefen gareji. "Shekara arba'in ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba. Ka ga kifi a ciki?" Gaskiya ba wanda ya taɓa gani, don ba wanda ya isa ya ga komai a cikin motar nan. Ragowar wayoyi ne, matattun fiyus, kofunan takarda, safar hannu ƙafa ɗai-ɗai, har kusan rufi. Mutumin da zai yi maka faɗa a kan ƙura a soket ɗinka, shi da igiya yake ɗaure ƙofar motarsa.

Sun-dok kuwa gajeruwa ce, mai shara. In ka daɗe a tsaye wuri ɗaya za ta haɗa da kai ta share. Ba ta gardama. Duk abin da Dal-su ya faɗa, komai tsawonsa, amsarta "To." Na daɗe da lura cewa to ɗin nata iri-iri ne, amma mijinta ɗaya kawai yake ji.

'Yarsu ɗaya, Nari. Ta yi shekaru tana aikin ofis a Seoul, babban birnin ƙasa, sai bara ta tattaro ta dawo ta karɓi gonar lemon kakarta da ke can sama, kan hanyar dutsen Halla, inda titi ke ƙarewa hanyar duwatsu ta fara. Ta zauna a tsohon gidan gonar. Tsayin uwarta ta ɗauko, taurin kan ubanta. Gona irin wannan ba ta yiwuwa sai da a-kori-kura, don haka Dal-su ya sa rigar fita ya tafi kasuwar motocin hannu a birnin Jeju, na bi shi don kallo.

Dillalan sun sha wuya ranar. Kowace mota sai ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba ko akwai busasshen taɓo, don motar da ambaliya ta taɓa shanyewa a nan take ɓoye asirinta. Ya ɗaga kafet ya shinshina. Ya leƙa akwatin fiyus da tocila. Da yamma ya tsaya kan wata fara mai ƙofa huɗu, ya buga bodinta da tafin hannu.

"Wannan," ya ce da Nari. "Na duba ta da idona. In ta ba ki matsala, ki ce ba ni ne Bu Dal-su ba."

Da muka iso gida Sun-dok ta zagaya motar, ta shafa ta, ta ce a hankali, "Baban Nari, ko 'yar giyar nan ce a zuba wa tayoyin."

"A garejina? Gaban allona? Gobe in ce wa kwastoma me?"

"To," in ji Sun-dok.

Ba a yi mako ba Nari ta sauko da motar. "Baba, mutumin nan mai kabewa ya ƙi kwanciya."

Jar fitilar jakar iska take nufi, wadda ke gaban sitiyari, mai hoton mutum a zaune da wani ƙulluɓutu a gabansa. Aikinta in an murɗa makulli ta haska, mota ta duba kanta, ta mutu. In ta ƙi mutuwa, motar tana gaya maka ne cewa ranar da aka yi karo ƙila jakar ba za ta buɗe ba. Tafiya dai za ta yi lafiya lau, shi ya sa mutane ke liƙa mata baƙin tef su huta. Na taɓa ba da wannan shawara a gaban Dal-su, bai yi mini magana ba har washegari.

Ya jona kwamfutarsa a ƙasan sitiyari, ya sa gilashi, ya karanta, ya yi dariya. Layin jakar da ke gefen kujerar direba ne, wuta na wucewa tana yankewa.

"Soket ne. Rawaya, ƙarƙashin kujera. Ciwon kowace tsohuwar mota ke nan. Je ki ci abinci."

Yana da doka a kan rawayar waya da bai taɓa karyawa ba. Sai ya cire kan batir, sannan ya bar motar ta huce, don ragowar wutar da ke ciki ta isa ta fasa wa mutum jakar a fuska. Wannan jira kuwa da kofi yake yin sa. Zai haɗa mana a kofin takarda, mu juya wa motar baya, mu fuskanci teku, ya gyara siyasar ƙasa ni kuma in ɓata. Muna nan Sun-dok ta fito da tsintsiya da kwando rufe da tawul.

"Motar 'ya mace a gan ta da ƙasa haka? Baban Nari, bari in share kafin ka tura kanka ciki."

"Matar ƙanena," na ce, "da ke na aura da yanzu ina ƙyalli."

"Da yanzu kana bola, Samchun," ta ce, ta wuce. Samchun muke ce wa duk wanda ya girme mu, kuma da gangan take ƙara wa nawa nauyi a gaban mijinta.

Dal-su ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya kwanta da tocila. Soket ɗin ya ɗan saki. Ya fesa masa ruwan wankewa, ya danna har ya ce ƙas, ya mayar da batir, ya goge laifin daga kwamfuta. Ya tura kujera baya, ya zagaya gari. Mai kabewa ya kwanta. Nari ta gama cin abinci, uwarta ta kai mata kwanonin miya da kimci, kabejin nan mai tsami da yaji, cikin mota da kanta, ta jera su, ta daɗe tana jerawa. Nari ta ja kujera gaba ta tafi. Ban gama kofina na biyu ba waya ta yi ƙara.

"Baba, ya tashi. Ina shiga hanyar duwatsu ya tashi."

Haka abin ya fara, kuma haka ya yi ta yi har ƙarshen damina. Dal-su ya yanke soket ɗin ya sa sabo, ya haɗa da darma, ya naɗe shi tsaf. Mai kabewa ya dawo. Ya cire jakar daga layi ya sa wata 'yar ƙwaya mai ƙafa biyu a madadinta, wadda ke ruɗar motar ta ɗauka jakar ce, ya bi wayar yana girgizawa ɗan yatsa bayan ɗan yatsa, idonsa a kan kwamfuta. Ko motsi. Ya lura cewa a hannun Nari kawai take kamawa, sai ya zaunar da ita a gareji ya sa ta ja kujera gaba da baya har ta ce cinyarta ta gaji. Ko motsi. Ya ɗaga kafet ya bi wayar har akwatin da ke tsakanin kujeru. Ya sake jan bel ɗin har ƙarshe, ko taɓon da bai gani ba ranar saye ya fito yanzu. Kowane zuwa sai an cire batir, a sha kofi, Sun-dok ta yi shara. Kowane komawa sai waya ta yi ƙara.

Ranar da na ga ya kwance sitiyari na san abin ya kai. Kwamfutar ba ta taɓa zargin sitiyari ba, kuma shi ne mutumin da ke cewa mai canza kaya da ka ba mai gyara ba ne, ɗan kasuwa ne.

Da farko na yi ta tsokanarsa. Na ce mai kabewa ya fi shi sanin waya. Na ce ya kai motar wurin matar nan 'yar bori mai ganga da ke hayin kogi ta buga mata. Yana mayar mini, amma martanin na raguwa. A bazarar shekarar aka yi masa aikin yanar ido, kuma tun kafin nan hannunsa na dama ya fara 'yar rawa in ya riƙe ƙaramin abu. Samarin ƙauye sun koma kai motocinsu wani babban gareji a birnin Seogwipo, mai na'urori da yara masu riga iri ɗaya. Duk bai dame shi ba, ko ya nuna bai dame shi ba, sai da motar 'yarsa ta gagare shi.

Wata rana Sun-dok ta tsaya da kwandonta ta tambaye shi, "Wai in fitilar na kunne me zai faru?"

"Babu komai. Sai ranar da wani abu ya faru. Ranar jakar ba za ta buɗe ba."

Ba ta ce to ba. Ranar kasuwar Seogwipo na gan ta ta sauko daga bas da wani dogon ƙunshi a naɗe da jarida. Na ce yau akwai miyar kifi a gidan ƙanena, na ƙi cin abincin gidana. Da na je, taliya aka ba ni.

Lemo ya fara ja a bishiya. In tsinka ta kankama Nari za ta riƙa sauko da akwatuna daga gangaren nan safe da yamma, mota cike, hanya da santsin raɓa. Muna zaune muna kallon teku Dal-su ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Man-ho, ina ganin abin yana gabana ne. Ni ne ba na gani."

"Haba, kai da kake hango kuskuren mutum tun daga tashar jirgi."

"Bar wasa. Ba zan bar yarinyar nan ta shiga tsinka da fitilar a kunne ba. Zan kai wa yaran can na Seogwipo. In na kai musu motar 'yata kuwa, wa zai kawo mini tasa? Ni ma ba zan karɓa ba. A sauke allon kawai."

Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san ba kwastoma yake ji ba. Tun yana saurayi abin da ya sani game da kansa shi ne in waya na da laifi zai gano, kuma yanzu wannan ɗin ne ke zame masa.

Ranar da ya yanke shawara, da safe na iso na tarar ya jingina tsani a bango, daidai ƙarƙashin allon. Ya ce in kai shi gonar ya ɗauko motar. Bai gaya wa Nari ba, bai gaya wa matarsa ba, kunya ta hana shi. Wannan ne karo na farko da ya je wurin motar maimakon a kawo masa ita.

Nari na can cikin bishiyoyi, makulli na jikin mota. Dal-su ya cusa kansa ciki, gwiwoyinsa na tokare sitiyari, ya ja ƙarfen kujera don ya tura ta baya. Ta ɗan motsa ta cije. Ya sake turawa, ta cije. Ya yi tsaki, ya zura hannu ƙarƙashi yana laluɓawa. Sai ihu.

"Wani abu mai haƙori!"

Ban taɓa ganin mutum mai shekarunsa ya fito daga mota da wannan sauri ba. Na ɗauko sanda, na ce maciji ne. Nari ta rugo da almakashi a hannu. Dal-su ya kunna tocilar wayarsa ya durƙusa daga nesa, ya matso, ya ƙara matsowa, sannan ya ƙura ido.

Na leƙa ta kan kafaɗarsa. Kifi ne. Ba irin ƙananan da nake gani a motocin mutane ba, wannan ya kai tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsa, baki a hangame, ido a buɗe yana kallonmu. An naɗe shi da farin zare, an kai bakin zaren an ɗaɗɗaure a rawayar waya, daidai wuyan sabon soket ɗin Dal-su.

Dariya ta taso mini har sai da na ciji hannun riga. Shi kuwa bai taɓa komai ba. Ya ce da Nari, "Shiga. Ja kujerar gaba, a hankali." Ya kwanta a kan duwatsu yana haskawa. Kujera ta tafi gaba, kan kifin ya tokare ƙarfen da ya gitta a ƙasa, zare ya miƙe, bakin soket ya buɗe kamar gashi ɗaya. "Koma baya." Zaren ya saki. "Gaba." Ya miƙe. Ya sa ta yi ta yi, ni na san ya riga ya gane tun na farko, daɗin gani yake ji.

Ya daɗe a kwance, sannan ya ce, "Idona lafiya."

"Baba, na rantse ba ni ba ce," in ji Nari. "Ni ko warinsa ban ji ba, na ɗauka kimci ne."

Dal-su ya haska ƙullin zaren. Duk mu ukun mun san shi. Da shi ake ɗaure kowane ƙunshin abinci da ya taɓa fita daga gidansu.

Ya cire kan batir, muka jira ba kofi, ya kwance zaren. Nari ta biyo mu da motar, ni da shi a tawa, kifin a cinyarsa. Muka tarar da Sun-dok a tsakar gida tana shanya barkono a kan gadon katako, tsintsiya a ɗaya hannun. Ya ajiye kifin a tsakiyar barkonon.

"Uwar Nari, kin san wannan baƙon?"

Ta dubi kifin, ta dubi motar da Nari ke fakawa. "Ka cire shi? Da wa yarinyar ta sauko gangaren?"

"Da ubanta a gaba! Zo ki gani."

Ya kai ta, ya nuna mata, ya riƙe kifin a inda yake, ya sa Nari ta ja kujerar. Na ga lokacin da ta gane. Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta, ta koma ta zauna a bakin gadon.

"Ni ce na kunna fitilar?"

"Ke ce. Kuma duk zuwan da motar ta yi ina kifin yake?"

"A kwando." Muryarta ta yi ƙasa. "Ai da filaya za ka ɗaga shi, ka ajiye a bonet, a gaban Samchun. In ta tashi tafiya sai in mayar. Na farko ƙarami ne. Da fitilar ta ƙi mutuwa na ce ƙarfinsa ne bai kai ba, na sayo wanda ya fi shi. Da ka ce jakar ba za ta buɗe ba na sayo wannan, na ƙara ɗaurewa."

"Duk abin da ke ƙarƙashin kujerar nan, sai wayata?"

"Ita na ga an naɗe da kyau. Na ce aikinka ne, ba za ta tsinke ba."

Hawaye ya zubo mata. Ba kunyar kamawa ba ce, tsoro ne, na abin da ta yi ta ja wa 'yarta da hannunta tana zaton tsare ta take yi. Nari ta je ta rungume ta tana dariya tana kuka. Mutum mai hankali da nan ya tsaya. Amma ƙanena ya ga hanya ta buɗe, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa ya nuna shuɗiyar motarsa.

"Kullum ina faɗa! Shekara arba'in ina tuƙi, ko kaza..."

"Bayan kujera," in ji Sun-dok, tana share ido da gefen riga. "Ɓangaren ƙofa. Cikin soso."

"Me?"

"Je ka duba mana, tun da idonka lafiya."

Sai da muka kwance igiyar ƙofa, muka fitar da wayoyi da kofuna tuli guda a ƙasa, kafin muka kai ga kujerar. Rigarta na da ɗinki a baya, ɗinkin hannu, mai kyau. Dal-su ya zura yatsa ya warware. Ya fito da ɗan ƙaramin kifi, zarensa fari fat.

"Duk sabuwar shekara nake canzawa," ta ce daga inda take zaune. "Tun motar farko, wadda ka kawo ni gidan nan a cikinta. Naka motocin ba su da fitilar gulma, shi ya sa."

"Tsofaffin fa?" na tambaya.

"Na mayar da su teku."

Dal-su ya tsaya da kifin a tafin hannunsa. Filaya na aljihunsa na baya, ina ganin ta, bai ɗauko ba. Na shirya maganganu kusan goma masu daɗi, irin waɗanda zan ci shekara ina maimaitawa, amma da na ga fuskarsa na haɗiye. Ya juya kifin, ya dube shi ta wancan gefen. Sannan ya mayar cikin soson inda ya same shi, ya ja rigar kujerar ya rufe.

Ya shiga gareji. Muka ji ƙarar zarto da na'urar huda. Ya fito da wani ɗan ƙarfe da ya lanƙwasa, ya shimfiɗa masa roba a ciki, ya je ya ɗaure shi da kusoshi a bayan kujerar baya ta motar Nari, inda babu waya ko ɗaya. Ya koma kan gadon ya ɗauko babban kifin daga cikin barkono, ya kaɗe shi, ya gwada. Ya yi daidai, don aunawa ya yi.

"Ina zai kalla?" ya tambaya, kansa a cikin mota.

"Gaba mana," in ji Sun-dok. "Hanya zai gani."

Ya juya shi gaba. Sannan ya cire kan batir don ya gyara soket ɗin, ya haɗa kofi. Huɗu ya haɗa. Sun-dok ta zo ta zauna tare da mu tana kallon teku, ba tsintsiya ba kwando, tana ta juya kofin a hannu kamar ba ta san abin da ake yi da lokacin nan ba.

Ya danna soket ɗin, ya ɗaure wayar a jikin ƙarfe, ya mayar da batir, ya goge laifin. Nari ta shiga ta ja kujera gaba har ƙarshe ta murɗa makulli. Mai kabewa ya haska. Mu uku muna tura kai ta taga ɗaya. Ya mutu.

Ta tafi. Ba wanda ya tashi daga wurin. Dal-su ya ajiye wayarsa a kan gwiwa yana kallonta. Da ta yi ƙara ya sa a bayyane.

"Baba, na wuce duwatsun, na juyo, na sake hawa. Yana ta barcinsa."

Sun-dok ta sauke numfashi mai tsawo. Ta kurɓi kofin da ya riga ya huce, ta ce, "To ka gani. Da ya samu wurin zama mai kyau."

Dal-su ya buɗe baki. Na gyara zama ina jiran maganar ƙugiya da tirela. Kunnuwansa suka yi ja. Ya dubi matarsa, ya dubi shuɗiyar motar da tulin shirginta a ƙasa.

"Ya samu," ya ce.

Sai ya juyo kaina yana harara, kamar ni na yi masa laifi. "Kai kuma ƙanena, zaman me kake yi? Tashi ka ɗauke tsanin nan daga ƙarƙashin allona, kada wani ya yi tuntuɓe."

Na tashi na ɗauke. Ranar ban yi masa gardamar wanda ya girmi wani ba.